Kafin Teku Ya Yi Ja, Tari Ya Riga Ya Fara

A bakin tekun Sarasota, can yammacin jihar Florida ta Amurka, ma'aikatan ceton masu iyo suna da wani aiki da suke yi sau biyu a rana, wanda ba ya buƙatar wata na'ura. Ma'aikaci zai tsaya a rumfarsa ya kasa kunne na daƙiƙa 30, yana sauraren jama'ar da ke zaune a kan yashi. In tari ɗaya ko biyu ya ji, sai ya rubuta cewa abin kaɗan ne. In tari ko atishawa na tashi kusan duk bayan daƙiƙa 5, matsakaici ke nan. In kuwa duk inda ya juya tari ne ba ƙaƙƙautawa, ya rubuta mai tsanani. Cibiyar binciken teku ta Mote ce ta soma wannan tsari a 2006, kuma duk mai waya na iya duba sakamakon tun yana gida, kafin ya ɗebo iyalinsa.

Abin da ke sa su tarin wata 'yar halitta ce dangin gansakuka, mai suna Karenia brevis. Ba ta kama da gansakukar da muka sani a bakin tafki, wadda ake ɗagowa da sanda. Ƙwaya ɗaya ce tak, tana yawo a cikin ruwa, sai an jera kamar guda 30 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. In ta yi yawa sosai ruwan kan rine ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, shi ya sa mutanen can ke kiran abin jan ruwa. Sunan nan shi ne farkon ɓatan kai, domin yana koya wa mutane su yarda da idonsu. Ra'ayina shi ne, duk hukumar da ta buɗe bakin teku ta gayyaci jama'a, wajibinta ne ta auna ruwan kullum, ta haɗa awon da inda iska ta dosa, ta rubuta sakamakon a ƙofar shiga da lambobi. Barin mutane su dubi ruwa su yanke wa kansu hukunci sakaci ne.

Lambobin su ne hujja. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Florida tana ƙirga ƙwayoyin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa. Daga 1,000 zuwa ƙasa, wannan ba komai, dama kullum akwai su. Da an haura 1,000, maƙogwaro na iya fara ƙaiƙayi. A 5,000 ake rufe wuraren ɗibar halittun nan masu ɓawo biyu, irin su oyista. Tsakanin 10,000 da 100,000 tari ya zama ruwan dare kuma kifi na iya fara mutuwa. Sama da 100,000 mutuwar kifi kusan tabbas ce. Launin ruwan kuwa galibi ba ya canzawa a ido sai an kai wajen miliyan ɗaya. Wato ruwa na iya zama garau, kana hango yatsun ƙafarka a ƙasa, alhali ya ninka matakin da ke sa tari sau hamsin. Uban da ya tsaya a gaɓa ya ga ruwa fes ya ce wa yara su shiga bai yi ganganci ba. Ba a ba shi abin da zai yi hukunci da shi ba ne.

Gubar da halittar ke yi sunanta birebitoksin, kuma jijiyoyi take taɓawa. A jikin kifi takan hana shi numfashi, ya shanye ya mutu. Yadda take zuwa ga mutum shi ne abin lura. Karenia brevis ba ta da ƙwanso mai tauri kamar wasu 'yan uwanta, fatarta laushi gare ta. Da igiyar ruwa ta daki gaɓa sai ƙwayoyin su farfashe, gubar ta fita ta manne wa kumfa, kumfar ta fashe ta zama feshi mai gishiri, iska ta ɗauka. Don haka ba sai ka taɓa ruwan ba. Wanda ke zaune a inuwa yana cin gyaɗa, da mai sayar da lemo, da tsohuwar da ta tsaya a wurin ajiye motoci, duk suna shaƙa. An auna gubar a iska fiye da kilomita ɗaya daga gaɓa.

A nan ne iska ta zama rabin lissafi. Ƙwayoyi 500,000 a lita, in iska na busawa daga tudu zuwa teku, mutane na iya wuni ba wanda ya yi tari. Ƙwayoyi 50,000, in iskar ta juyo daga teku kuma igiya na da ƙarfi, kowa zai riƙe maƙogwaro. Kuma a yawancin gaɓoɓi masu zafi iska kan juya a cikin yini guda: da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar kan tudu ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta. Shi ya sa wurin da ke lafiya da hantsi zai iya zama wurin wahala bayan azahar, daidai lokacin da jama'a suka fi cika. Sanarwar da aka liƙa ranar Litinin ba ta da abin da za ta faɗa wa mai zuwa ranar Asabar da la'asar. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka da abokan aikinta sun gane haka, yanzu suna fitar da hasashen tari na kowane bakin teku da aka ɗebo ruwansa, ana sabunta shi duk bayan awa 3. Wannan shi ne mizanin da ya kamata a riƙe.

Ga mai lafiya, abin tari ne da hawaye da yoyon hanci, kuma yakan lafa cikin 'yan sa'o'i bayan ya bar wurin. Ga mai asma labarin daban ne. Binciken da aka yi a Sarasota ya nuna cewa zagayen awa ɗaya kawai a bakin teku lokacin jan ruwa yana rage ƙarfin numfashin masu asma, kuma ga wasu damuwar kan bi su gida har kwanaki. An kuma kwatanta masu zuwa sashen gaggawa na asibiti a lokacin jan ruwan 2001 da irin wannan lokaci na 2002 da babu shi: masu ciwon numfashi daga cikin mazauna kusa da gaɓa sun ƙaru da kashi 54 cikin ɗari. Mai asma ko wani ciwon huhu, gaskiyar magana kada ya je. In ya zama dole, ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Takunkumin fuska na asibiti yana rage abin, rufe gilashin mota da kunna na'urar sanyaya ta riƙa juya iskar ciki ma haka. Wanda ya yi iyo ya ɗauraye jikinsa da ruwan famfo, kada ya murza ido da hannu mai gishiri. A hana yara wasa da kumfar da ke taruwa a gaɓa, domin gubar ta fi taruwa a cikinta. Karnuka ma a riƙe su, suna lasar kumfa suna cin mataccen kifi.

Awon kansa ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ina so a san haka, don kada a ɓoye a bayan tsada. Ana shiga ruwa zuwa gwiwa ko ƙugu, a nutsa kwalba mai tsabta ƙasa da saman ruwa kaɗan, a cika ta. A ɗiga ruwan aidin na Lugol har ruwan ya yi launin shayi marar kauri. Wannan yana kashe ƙwayoyin ya kuma riƙe siffarsu. In ba a ɗiga ba, aka bar kwalbar a rana ko aka dora ta kan ƙanƙara, ƙwayoyin za su fashe kafin a kai ɗakin gwaji, a ƙirga a ga ba komai, a ce ruwa lafiya lau. Wannan kuskure ne mai haɗari ƙwarai, domin sakamakonsa kullum kwantar da hankali yake yi. A ɗakin gwaji ana juya kwalbar a hankali, ba a girgiza ta, a ɗebi mililita ɗaya a zuba a wani gilashi mai layuka, a sa a ƙarƙashin madubin ganin ƙananan halittu. Ƙwaya ɗaya a gilashin na nufin 1,000 a lita. Guda 100 na nufin 100,000. Ma'aikaci ɗaya da ya ƙware zai gama kwalabe da dama kafin azahar.

Sai dai kwalba ɗaya ba ta magana da yawun gaɓa gaba ɗaya. Halittar tana tafiya ne curi-curi, ruwa na kora ta, ita ma tana hawa sama da rana ta bazu da dare. Wuri ɗaya na iya cika maƙil, wani mai nisan kilomita 3 ya zama ba komai. Tauraron ɗan adam yana taimakawa wajen gano babban curi tun yana nesa, amma gajimare na rufe shi, kuma a ruwa marar zurfi kusa da yashi, inda mutane suke, hotonsa ba abin dogaro ba ne. Akwai kuma wani tarko: ƙwayoyi na iya mutuwa, ƙirga ta sauko, amma gubar tana nan. Ayu, dabbar nan da masuntan Binuwai da Neja suka sani, akwai danginta a Florida, kuma an sha ganin suna mutuwa makonni bayan jan ruwa ya wuce, saboda gubar ta manne wa ciyawar ƙarƙashin ruwa da suke kiwo. Wannan ya sa ƙirgar tari ta ma'aikacin ceton nan take da daraja. Madubi na faɗin abin da ke cikin ruwa, kunnen ma'aikacin ceto na faɗin abin da ya riga ya shiga ƙirjin mutane.

Inda na saɓa da Florida shi ne a kan abin da ake yi da lambobin. A al'ada ba a rufe bakin teku saboda jan ruwa. Ana sa allon gargaɗi ne a bar wa kowa zaɓinsa. Na fahimci dalilin, tunda mafi yawan mutane tari kawai za su yi. Amma baƙon da ya yi tafiyar awa 10 da yara uku ba ya cikin halin yin zaɓi na gaskiya, kuma bai san ɗansa na da asma ba sai ranar da ta tashi. Ya kamata a rubuta matakan a doka tun ruwa na kwance. In ƙirga ta haura 100,000 kuma iska na zuwa daga teku, a ɗaga jar tuta, a faɗa ɓaro-ɓaro cewa masu ciwon numfashi da jarirai da tsofaffi su koma. In ta kai miliyan, ko matattun kifi sun cika gaɓa, a hana shiga ruwa. Kuma hukuncin ya kasance a hannun jami'in lafiya, wanda albashinsa bai dogara da yawan baƙi ba. Muddin sai an zauna taro kowane lokaci kafin a ɗaga tuta, mai otal da mai gidan abinci za su fi mai asma ƙarfin murya a ɗakin taron.

Su ma 'yan kasuwar, in suka duba da kyau, awo na wuri-wuri shi ne gatansu. Abin da ke kashe musu ciniki shi ne labarin dunƙule, a ce jan ruwa ya afka wa Florida, mutum ya soke tafiyarsa zuwa garin da ruwansa tas yake. In baƙo ya san cewa nan akwai matsala yau amma minti 20 gaba babu, ba zai fasa zuwa ba, wuri zai canza. Kuma akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba: ma'aikatan ceto, da masu kwashe matattun kifi, da masu talla, waɗanda ke shaƙar iskar awa 8 a rana. Su ya kamata a fara ba wa takunkumi da safar hannu, a riƙa yi musu canji.

Duk lokacin da aka taso da wannan magana, amsar da masu mulki suka fi so ita ce abin na halitta ne, dama can ana yin sa. Rabin gaskiya ce. An rubuta labarin mutuwar kifi a wannan gaɓa tun shekarun 1840, kafin takin zamani ya yaɗu. Jan ruwa yana somawa ne can cikin teku, mil 10 zuwa 40 daga gaɓa, inda magudanar gari ba ta kai. Har ƙurar Sahara ma tana da hannu: tsakanin Yuni da Agusta takan ƙetare Atlantika ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ke ciyar da wata gansakuka mai zuƙo naitirojin, sinadarin nan da ke cikin taki, daga iska, ita kuma Karenia ta ci abin da waccan ta bari. Babu gwamnan da zai tsayar da wannan.

Amma da curin ya iso gaɓa, abin da ya tarar a can aikin mutum ne. Gobara na iya tashi daga tsawa. Wanda ya tara ciyawa a bayan ɗaki shi ya sa ta daɗe tana ci. Florida na da ramukan sokawe kusan miliyan 2.6, da yawa a cikin ƙasa mai yashi wadda ruwanta ke kusa, kuma sokawe irin na da ba ya cire naitirojin sai kaɗan. Ga takin gonaki da na ciyawar ƙofar gida. Ga tafkin Okeechobee, wanda in ya cika ake sako ruwansa ta kogin Caloosahatchee zuwa yamma da St. Lucie zuwa gabas. Binciken Jami'ar Florida da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa naitirojin da ke saukowa ta Caloosahatchee yana ƙara wa jan ruwan yankin ƙarfi. Jan ruwan da ya soma a Oktoban 2017 bai lafa ba sai farkon 2019. A Agustan 2018 Gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci a gundumomi 7, kuma ayu fiye da 200 suka mutu a wannan shekara ta dalilinsa, ban da kunkurun teku da dolfin.

Misali mafi kusa da ido shi ne Piney Point, tsohuwar masana'antar takin fosfet a bakin mashigin Tampa. A ƙarshen Maris 2021 katangar tafkin da aka tara ruwan dattinta ta fara yoyo. Don kada ta ɓalle ta cinye gidaje, aka sako galan miliyan 215, wato sama da lita miliyan 800, cikin mashigin a cikin kwanaki kusan 10. Da bazarar shekarar jan ruwa ya shigo Tampa da ƙarfin da aka daɗe ba a gani ba, gundumar Pinellas kaɗai ta kwashe fiye da tan 1,500 na matattun kifi da tarkace. Piney Point bai haifi halittar ba, tana nan a waje tun kafin yoyon. Abinci ta shigo ta tarar. An shekara da shekaru ana sanin tafkin nan haɗari ne, aka yi ta ɗaga gyaransa. Bayan duk wannan, a 2023 majalisar jihar ta dakatar da ƙananan hukumomi daga kafa sababbin dokokin hana zuba taki a damina na tsawon shekara guda, dokokin da gundumomi da yawa ke amfani da su daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. A ganina wannan mataki ne na baya.

Maganar kashe halittar a cikin teku kuwa, a yi hattara da ita. A 1957 an gwada watsa sinadarin tagulla daga jiragen sama kusa da St. Petersburg; ya kashe ta na ɗan lokaci, ya cuci wasu halittu, ta kuma dawo. Ƙwayar da aka fasa ma gubarta take saki. Koriya ta Kudu da Sin suna watsa yumɓu, wanda ke manne wa ƙwayoyin ya nutsar da su, kuma yana aiki a kewayen gonakin kifi. Florida ta ware dala miliyan 3 a shekara na shekara 6 tun 2019 don irin wannan bincike. Yumɓun yana da amfani ga ƙananan magudanai da matsayar kwale-kwale, amma ba ya isa ga curin da ya miƙe mil 100. Abu mai sauƙi da ya fi tabbas shi ne gaggauta kwashe matattun kifi, domin in suka ruɓe a ruwa taki suke komawa ga abin da ya kashe su.

Sai batun ci. Halittu masu ɓawo biyu tace ruwa suke yi, suna tara gubar a jikinsu har makonni. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma dafuwa ko suya ko daskarewa ba sa karya ta. Alamominta su ne leɓe da harshe su riƙa tsira-tsira, jiri, amai, wani lokaci mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji zafi. Kifin da aka kama da ransa da lafiyarsa, a cire kayan cikinsa a zubar, a ci tsokar. Wanda aka tsinta a mace ko yana layi a gaɓa, a bar shi. Mun san malamai sun halatta mushen teku, amma halascin bai wanke guba ba, kuma shari'ar da ta halatta shi ita ce ta hana mutum cutar da kansa.

Wannan ba matsalar Amurka kaɗai ba ce. A 2005 mutane kusan 200 suka nemi magani a Genoa ta Italiya bayan sun shaƙi iskar gaɓa mai ɗauke da gubar wata halitta daban. A Maris 2025 masu wasan hawan igiyar ruwa a kudancin Ostireliya ne suka fara kukan tari da zafin ido, kafin a gano wata 'yar uwar Karenia da ta shafe watanni tana kashe kifi. A nan yammacin Afirka, a Nuwamban 2020 ɗaruruwan masunta a yankin Dakar na Senegal suka dawo daga teku da ƙuraje da gyambo a fuska da hannu, wasu da zazzaɓi. Sai bayan shekaru bincike ya tabbatar cewa gubar wata ƙaramar gansakukar teku ce, Vulcanodinium rugosum. A tsakanin nan an yi ta zargin sinadarai da cuta mai yaɗuwa, cinikin kifi ya faɗi.

Jama'armu na cika bakin teku a Legas da Accra da Kwatano da Lome, musamman da Sallah, kuma waɗannan birane ne da magudanansu ke zuba kai tsaye cikin ruwan gaɓa. Wurin da ake karɓar kuɗin shiga a ƙofa yana da abin da zai sayi kwalabe da ruwan Lugol, ya ɗauki nauyin kai su sashen nazarin halittun ruwa na jami'a mafi kusa ko sau biyu a mako. Ya kuma buɗe littafi guda a rumfar masu gadi, a riƙa rubuta kwanan wata, inda iska ta fito, launin ruwa da warinsa, yawan kumfa, matattun kifi in akwai, da adadin waɗanda suka yi kukan tari ko ƙaiƙayin fata. Asibitin unguwar ya san lambar wanda ke riƙe da littafin, don in mutum biyar suka zo da ido ja da tari a yammaci guda, tambayar farko ta zama ina suka wuni.